Harsashin da Yaro Maɗori Ya Ciza

Duk wanda ya zauna Madarumfa a zamanin da gyaɗa ke tashe ya san Yaro Maɗori. Yaro ake ce masa har ya yi furfura, har jikokin sa'o'insa suna durƙusawa suna cewa Baba Yaro, ba su ma ga abin dariya a ciki ba. Dogo ne siriri, ga tafin hannu kamar faifai, ga ƙarancin magana. Idan an ba shi soyayyar gyaɗa, da gefen dama kaɗai yake taunawa, don haƙorinsa na can ciki a hagu rabi ne ya rage. Mutane da yawa sun ɗauka a yaƙi ya baro sauran rabin. Ba a yaƙi ba ne. A ƙofar gidansu ya karye, da rana tsaka, ranar kasuwa.

Ɗori gadon gidansu ne. Uban Yaro, Ɗanjuma, a hannun ubansa ya karɓa, shi ma haka, har can baya inda ba wanda ke iya tunawa. Daga Gabi, daga garin Sarkin Yamma, har daga ƙetaren iyaka ana kawo musu karyayyu a kan jaki ko a gadon kara. Amma gadon nan da sharaɗinsa ya zo. Karyayyen da aka shigo da shi zauren gidan ba a korarsa, ko da shi ya kashe maka uba. Kuma maɗori ba ya karkata ƙashi da gangan. Ranar da ya yi ɗaya daga cikin biyun nan, in ji mutanen gidan, hannu ya mutu, ɗori ya bar zuriyar har abada. Ladan aikin kuwa kaza ce guda, idan mai karaya ya taka ƙafarsa. Akwai kuma wani guntun itacen kanya da ake sa wa majinyaci a baki ya ciza lokacin da ake jan ƙashi, duk ya sha haƙoran mutane ya yi baƙi. Shi wannan ba ya cikin sharaɗi, tausayi ne kawai na mutanen gidan.

Ɗanjuma da matarsa Azumi 'ya'ya maza biyu suka raya, Yaro da ƙanensa Sani. Sani shi ne mai dariyar gidan, shi ne mai zuwa tafki ya dawo da tarwaɗa a rataye yana waƙa. Katangar zana ɗaya ce ta raba su da maƙwabcinsu Gwamna, wani ƙaƙƙarfan mutum da ya yi kokawa a ƙuruciyarsa, ya kuma ƙi barin kowa ya manta. Abin alfaharinsa a duniya shi ne wai bai san kuka ba. A majalisa yakan daki ƙirji ya ce tun kukan da ya yi ranar haihuwa, ba mahalukin da ya sake jin muryarsa ta tashi don ciwo, ko ranar kaciya, ko ranar da kunama ta harbe shi sau biyu a wuri ɗaya.

Sai aka shiga shekarun aikin dole. Turawan Faransa na cikin yaƙi a ƙasarsu, nan kuma kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, na son hanyar mota, sai dogaransa masu jar hula su faɗo gari su tara samari kamar awaki. Wata safiya suka faɗo unguwarsu. Yaro yana bakin tafki yana yankan ciyawa, Allah ya tsare shi. Azumi ta tura Sani cikin rumbun gero ta rufe. Gwamna ma ya ɓoye ɗansa Lawali a wani wuri. Masu jar hula suka ce mutum ɗaya ya rage musu a unguwar nan, kuma ba za su tafi ba sai da shi, in ya so su fara bincike daga gidan Gwamna.

Gwamna bai ce uffan ba. Leɓensa kawai ya turo, ya nuna rumbun Ɗanjuma da shi, yadda ake nuna wa baƙo hanyar rijiya. Azumi tana tsaye ta gani da idonta. Aka jawo Sani da ƙaiƙayi a gashinsa, aka sa shi gaba. Daga ranar Gwamna ya samu abin rantsuwa: ko a gaban wa, sai ya dafa ƙirji ya ce wallahi bakinsa bai faɗi komai ba. Kuma gaskiya ne, la'ananne, bai faɗa ba.

A wurin aikin hanya, dutsen marmara ya gangaro ya karya wa Sani cinya. Labari ya iso, Ɗanjuma ya ɗauki karansa da tsummansa da man shanu ya bi hanya a ƙasa, tsoho da shi. Da ya isa, mai tsaron sansanin ya kore shi da bulala. Ɗan gidan ɗori, wanda ubansa ya miƙar da ƙafafun rabin ƙasar nan, haka ya kwanta ƙafa ta ruɓe a jikinsa har rai ya yi halinsa. Ko kabarinsa ba a nuna musu ba. Ɗanjuma ya dawo gida ya zauna a zaure, bai ƙara yin wani abin kirki ba.

Yaro ya ga in ya zauna, ko dai masu jar hula su dawo su tafi da shi, ko ya kashe Gwamna a rataye shi. Sai ya tsallaka Jibiya, ya wuce Katsina. Yunwa da baƙin ciki suka tura shi layin masu shiga sojan Ingila. Da aka gane ya san ƙashi, aka sa shi cikin masu ɗaukar waɗanda suka ji rauni, aka zuba su a jirgin ruwa sai ƙasar Bama, can bayan teku.

A can ne ya ji maganar da ta bi shi har kabari. Wata rana alfadarai da yawa suka mutu kusa da rafin da suke sha, suka kumbura suka fashe, wari ba a cewa komai. Sajensu, wani Bature jajir mai gashin baki, ya tara su ya nuna mushen, ya yi wata magana gajeriya da Turanci, ya ɗauki shebur da kansa. Yaro ya juya wajen Kofur Musa, Bakatsinen da ke yi musu tafinta.

"Mi yac ce, Kofur?"

"Cewa ya yi mu ciji harsashi."

Yaro ya dubi mushe, ya dubi Kofur. "Harsashi kuma? Shi za ya kashe warin?"

Kofur Musa ya yi dariya har da tari. Suna haƙa rami, hanci ɗaure da tsumma, ya warware masa. Ya ce wai a zamanin kakannin Turawa, in an harbi soja za a yanka a ciro abin da ya shige shi, ga shi babu maganin kashe zafi, sai a sa masa harsashi a baki ya ciza don kada ya yi ihu ko ya datse harshensa. Daga nan maganar ta zauna musu. Yanzu duk aikin da rai ya ƙi, kuma babu makawa sai an yi shi, sai su ce a ciji harsashi.

"Ashe haƙuri su ka nuhi," in ji Yaro. "Wanga ai mu ma muna da shi, har ya yi muna yawa."

"A'a," in ji Kofur. "Haƙuri a zaune a ka yin shi. Wanga sai ka tashi ka kama abin da hannunka."

Yaro bai tsaya auna wannan ba. Abin da ya shiga kunnensa kawai shi ne mutum a kwance, ciwo na cin sa, ga ƙarfe a baki, kuma fuskar da ya gani a kwancen ta Gwamna ce. Ranar nan ya ɓoye harsashi guda. Da aka sallame su bayan yaƙi, ya sa wani baduku a Kano ya ɗinke masa shi cikin fata kamar laya, ya rataya a wuya. Ya tsallako iyaka da shi ba wanda ya tambaya, don wa ke buɗe layar mutum?

Ya tarar an daina aikin dole, ya tarar ubansa ya rasu, ya tarar Azumi ta rame ta zama kamar kara, amma idonta na nan da wutarsa. Gwamna kuwa duniya ta yi masa daɗi. Ya zama mai awon gyaɗa a kasuwa, ya yi tumbi, ya aurar da Lawali, har jikoki na wasa a ƙofar gida. Ya zo yi wa Yaro barka da dawowa, hannu a ƙirji, yana "ɗana, ɗana". Yaro ya amsa gaisuwar yadda ta kamata, har ya raka shi bakin zaure. Sannan ya koma bayan ɗaki ya yi amai.

Ya zauna a zauren ubansa ya ci gaba da ɗori, hannun kuwa ya karɓe shi har ya fi na tsohon. Ya yi aure ya haihu. Amma abu ɗaya ne ke kwana da shi yana tashi da shi. Ya yi tunanin cinna wa rumbunan Gwamna wuta, sai ya tuna iska ba ta san gidan mai laifi ba. Ya yi tunanin tare shi a hanyar gona. Ya yi tunanin abubuwan da ba su faɗuwa. In an zauna hira aka roƙe shi labarin Bama, ba ya ba da na bindiga ko na jirgi, sai na alfadarai da maganar Saje. Ya shafa layar wuyansa ya ce, "Akwai wanda na aje ma wa. In Allah ya yarda sai ya cije shi." Kowa ya san wa ake nufi. Gwamna ma ya sani, shi ya sa ya sake wa gidansa ƙofa ta ɗaya gefen, ya daina bi ta gaban zauren.

Shekaru suka tafi a haka. To, alhaki kwikwiyo ne. Wata ranar kasuwa, cikin kakar gyaɗa, wani raƙumi da aka labta wa buhuna ya firgita a gaban rumfar awo, ya yi tsalle, kayan suka kwance suka zubo a kan Gwamna. Da aka janye buhunan, ƙwaurinsa na dama ya lanƙwashe ta inda Allah bai yi gaɓa ba. A faɗi gaskiya, bai yi kuka ba. Ya cije leɓen nan nasa har jini, gumi na zuba. Wasu suka ce a nemi mota a kai shi gidan likita a birni. Gwamna ya ce ko kusa, don ya sha jin ana cewa can in ƙafa ta yi haka yanke ta ake yi. Kowa ya dubi kowa. Maɗori ɗaya ne a ƙasar.

Lawali da wasu mutum uku suka ɗauko shi a kan ƙyauren ƙofa, rabin kasuwa na biye da su. Yaro yana zaune a ƙofar zaure ya hango su. Da ya so, da sai ya tashi ya tare bakin ƙofa, tunda sharaɗi bai hau kansa ba sai an tsallaka da mutum ciki. Bai tare ba. Ya matsa gefe, har da cewa, "Ku shigo da shi sannu." Zuciyarsa na bugawa kamar ta ango. Ya duƙa ya shafa ƙafar, yatsunsa suka karanta masa karayar sarai, suka kuma nuna masa abin da yake nema: in ya bar ƙashin ya zame da faɗin yatsa ɗaya, ba mai ganewa sai an kwance kara. Gwamna zai tashi da ƙafa gajeriya karkatacciya, ya ja ta cikin ciwo har ya mutu.

Ya shiga cikin gida ɗauko kara da tsumma. Azumi na tsaye a bakin ɗakinta tana jiransa.

"Na san abin da ka ka saƙawa," ta ce. "Tun kana cikina na san motsinka."

"Inna, shekara nawa muna jiran ranag ga?"

"Ni za ka hwaɗa ma wa? Ni na ga leɓen. Da za a ba ni hantar Gwamna, ɗanya zan ci ta, ba ko gishiri." Ta kama hannunsa ta juya tafin sama. "Amma wanga ba naka ba ne, aro ne. In ka karkata ƙashin nan, gobe in an kawo ɗiyan wani daga Gabi, wa za ya ɗora shi? Sani ya mutu don babu maɗori kusa da shi. Kai kuma za ka kashe wanda ya rage, don Gwamna? Ya ci muna ɗa, ya ci muna tsoho, yanzu kuma mu ba shi gadon gida shi haɗa?"

Yaro ya tsaya da kara a hannu. Ya tsani maganar, ya tsani gaskiyar da ke cikinta. Wato shi da hannunsa zai miƙar da ƙafar mutumin nan, ya gyara ta tsaf yadda aka hana ubansa gyara ta Sani, ya mayar da shi kasuwa yana taƙama. Da a ce masa ya yi haka, gara a ce ya koma Bama ya kwashi mushen alfadarai da baki. A nan ne muryar Kofur Musa ta faɗo masa, bayan shekarun nan duka. Abin da rai ya ƙi, babu makawa, sai ka tashi ka kama da hannunka. Ashe duk tsawon lokacin nan kansa ya yi wa guzuri bai sani ba.

Ya fito. Ya ce zaure ya yi duhu, a fito da majinyaci ƙofar gida inda haske yake. Sharaɗi ya riga ya hau, bai ce dole sai a cikin inuwa ba. Aka shimfiɗe Gwamna a fili, mutane suka yi da'ira, masu kifi, masu gyaɗa, mata da tallansu a ka, har mutanen Sarkin Yamma da suka zo cin kasuwa. Lawali ya ce, "Yaya Yaro, ina iccen cizo?" Azumi ta fito da kujerarta ta 'yar tsugunne ta zauna kusa da kan Gwamna, ta gyara zani. Itacen kanya na ƙarƙashin cinyarta, kuma duk wanda ya ga fuskarta ya san ba mai tashinta.

Yaro ya ciro layar wuyansa, ya farke ɗinkin da aska. Harsashi ya faɗo tafinsa, ya yi kore don tsufa. Jama'a suka zuba ido, don ba wanda bai san labarin ba. Gwamna ya dube shi, ya buɗe baki a hankali. Ko ba komai, in ya samu abin cizawa, zai fita da sunansa.

"Ruhe bakinka, Baba Gwamna," in ji Yaro. "Ba naka ba ne."

Ya jefa harsashin a nasa bakin, ya tura shi can hagu, ya datse. Ya yi wa maza huɗu alama su danne, ya kama diddige da hannu biyu, ya ja.

An ce masunta da ke tsakiyar tafki sun ji ihun. Mutumin da bai san kuka ba ya kira uwarsa da ta mutu tun kafin zuwan mota. Ya kira Allah, ya kira waliyyai, ya zagi raƙumi da mai raƙumi. Yaro bai yi gaggawa ba, bai kuma ƙara ko ƙwayar zafi da gangan ba, aikin ne haka, kuma ya yi shi yadda ubansa ya koya masa, sannu, yana lalubar bakin ƙashi da yatsa. Da ya zo daidai wurin nan, faɗin yatsa ɗaya, hannunsa ya tsaya. Ya ji duk jikinsa na cewa sake shi haka nan. Ya ƙara datse ƙarfen, hawaye na bin kuncinsa, ya ƙara ja.

Azumi ta sunkuya kan Gwamna, ta ce a hankali, kamar mai tambayar lafiyar iyali, "Ashe bakin na magana?"

"Sani!" Gwamna ya kwarma. "Sani, ka yahe mani! Ɗana na ji ma tsoro! Ka yahe mani!"

Kasuwa guda ta ji. Lawali, da ke danne da kafaɗar ubansa, ya sunkuyar da kai bai ƙara ɗagowa ba. A daidai lokacin ƙashi ya faɗa mazauninsa, wani abu kuma ya ce ƙas a bakin Yaro. Ya jera kara, ya naɗe da tsumma, ya ɗaure, ya yi tofi. Sannan ya juya gefe ya tofar da harsashi da jini da rabin haƙori.

Gwamna ya yi jinyarsa ya tashi. Ranar da ya taka, Lawali ya kawo kaza, Yaro ya karɓa don sharaɗi ne, ya yanka ya ba almajiran makarantar unguwa sadaka da sunan Sani, ko romon bai shiga gidan ba. Gwamna bai sake zama a majalisa ba. Awon gyaɗa ma ya bar wa wani, don da ya ɗaga murya kan mai kaya sai wani daga baya ya ce "wayyo Inna" da siririyar murya, kasuwa ta kwashe da dariya. Azumi ta rayu ta ga wannan, ta ce ya fi mata tuwo daɗi.

Yaro kuwa ya ci gaba da ɗori har ƙarfinsa ya ƙare, ya miƙa wa ɗansa. Wani abokinsa ya taɓa tambayarsa ko zuciyarsa ta yi sanyi tun daga ranar. Ya ce a'a. Gwamna ya yi tsawon rai, kuma da tsufa ya kama shi ya gaji da zagaye, sai ya koma bi ta gaban zauren in za shi masallaci, kansa a ƙasa. Yaro na zaune yakan bi ƙafar da kallo, harshensa na taɓa guntun haƙorin nan. Ƙafa ta miƙe sambal, ko ɗingishi babu, duk ƙasar ba a taɓa ganin ɗori mai kyan wannan ba. Irin wanda za a yi wa Sani ke nan da an bar tsohonsu ya shiga sansanin nan.